Ɗakina Mai Taya Huɗu

Mai karatu, duk wanda ya san hanyar Wonaka zuwa Gusau a 'yan shekarun nan ya san ba a shigarta bayan magariba. Ni kuwa abincina a kasuwanni yake, yau Tsafe gobe Bungudu, ina tallar littattafaina a tsohuwar a-kori-kurar da na gada wajen mahaifina. Kuɗin masauki kuma sai ya cinye ribar yini.

Ranar da ruwan Agusta ya jiƙa mini kwali biyu na sabon littafina, na dawo gida na zabga tagumi. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, ai motar nan ɗaki ce, rufi kawai ta rasa."

Mai walda ya lanƙwasa mini rodi uku, na ɗaura tamfol a kai, na sa tabarmar kaba daga ciki saboda zafi. Na jera katako bisa akwatunan littattafai, ga gado ya samu. Sai gidan sauro, jarkar ruwa, buta da 'yar fitila mai sola.

Yanzu duk garin da la'asar sakaliya ta riske ni, a tasharsa nake kwana. Yarana suna dariya wai Baba ya zama kunkuru. Su yi ta yi, ni dai in iso musu da safe da raina.