Fihirisar da Ba Ta Aiki, Amma Tana Cikin Jeri

Ni ɗan jarida ne, bincike kan kwangiloli ne ya kai ni ga PostgreSQL. Bayanan sun fi ƙarfin Excel, sai na zuba su a rumbun bayanai, na koyi yi musu tambaya ta psql, wannan baƙin allo da ake rubuta wa umarni.

Fihirisa a rumbun bayanai aikinta ɗaya da ta ƙarshen littafi: ta kai ka shafin da kake nema ba tare da ka karance littafin duka ba. Wani dare na sa a gina ɗaya a kan sunayen kamfanoni da umarnin CREATE INDEX CONCURRENTLY, wanda ke barin aiki ya ci gaba yayin ginin. Aka ɗauke wuta, batir ya ƙare. Da safe na buga \di+, ga fihirisata da sunanta, da mai ita, da girmanta. Na saki jiki.

Kwana biyu bincike yana tafiyar hawainiya, edita yana jira. Na zargi kwamfutata, na zargi kaina. Sai da na buga \d tare da sunan jadawalin na ga kalmar INVALID maƙale a wutsiyar layi. Ginin ya katse, ya bar kango: rumbun ba ya neman komai da ita, kuma irin wannan tana iya ƙara nauyi ga shigar da sabon bayani. Manhajar ta sani sarai. Allon da aka keɓe don jera fihirisa ne bai faɗa ba, kuma nan ne mai koyo zai fara dubawa.

Ba a zauna ba, gaskiya. A 2018 sigar 11 ta fara nuna waɗanne ginshiƙai ne mabuɗin fihirisa, waɗanne ne 'yan rakiya. A 2021 sigar 14 ta ƙara wa \di+ nau'in ginin, btree ne ko gin. Masu kula da psql suna tsoron faɗaɗa jerin har layi ya karye a ƙaramin allo, kuma hujja ce mai ƙarfi.

Amma da za a tambaye ni, gurbin Description, wanda a jerina babu komai cikinsa, zan bayar a rubuta mini ko fihirisar tana aiki. Na rushe kangon na sake gini, labarin ya fita a makare da kwana biyu.