Kwaɗon da Ba Shi da Ƙuli

Bahaushe ya daɗe yana zaman maƙwabtaka da dabbobi masu jan ciki, amma bai taɓa ɗaukarsu abokan hira ba. Ƙadangare dai ya san shi a kan katanga da bakin tulu, inda ya zame masa misalin abin da ba ya kasuwa kuma ba ya baruwa. Damo kuwa ya naɗa shi sarkin haƙuri, sa'an nan ya bi shi da gora har rami, ya yi farfesu da sarkin. Saboda haka ba abin mamaki ba ne in mutumin Nangere ya riƙe baki idan aka ce masa akwai ƙasashen da ake sayen ƙadangare da kuɗi, a gina masa ɗaki na gilashi, a kuma tashi da sassafe a yanka masa ganye kafin a tafi wurin aiki.

Wannan ƙadangare, wanda ake yi wa laƙabi da mai gemu, asalinsa daga busassun yankunan tsakiyar Ostiraliya yake. Tsawonsa har wutsiya yakan kusa santimita 60, kuma a hannun mai kula yakan rayu shekara 10 ko fiye. Gemun nasa ba gashi ba ne. Fatar maƙogwaro ce mai ƙaya-ƙaya, wadda yakan kumbura ta, ta yi baƙi, idan ya fusata ko ya tsorata. Yana ƙarami ƙwari ne yawancin cimarsa, amma idan ya girma sai ganye ya rinjaya. A nan ne masu kiwonsa a Amurka da Turai suka sami aikin yi, domin kuwa ba kowane ganye ne ke karɓarsa ba.

Dabararsu ba ta da wuya. Sukan sayo ganye na kwana huɗu ko biyar a lokaci guda, su wanke, su tsane shi sarai domin danshi ke sa shi ruɓa, su yayyanka, su zuba a mazubi mai murfi su sa a firji. Kabewa da karas kuwa gogawa suke yi, kamar yadda matanmu ke goga kuɓewa. Ƙa'idarsu ita ce kada loma ta wuce faɗin da ke tsakanin idanun dabbar biyu, don gudun shaƙewa. Kowace safiya sai a ɗebi tafi guda, a barbaɗa garin kalsiyam, shi ke nan. Dalilin garin kuwa shi ne, jikin irin waɗannan dabbobi yana bukatar kalsiyam ya ninka fosforas a cikin abinci, yana kuma bukatar hasken rana domin ya sarrafa bitamin D3, wanda sai da shi kalsiyam ke shiga ƙashi. In aka rasa ɗaya daga cikinsu, sai ƙashi ya yi laushi, muƙamuƙi ya lanƙwashe, ƙafafu su kasa ɗaukar gangar jiki. Don haka ne mutumin da ke zaune a ƙasar hazo da sanyi yake sayen fitila ta musamman, ya biya kuɗin abin da Allah yake zubo mana kyauta tun daga hantsi har la'asar.

Duk lokacin da wannan zance ya taso tsakanin ɗalibai, dariya ce ke biyo baya, wani ma ya ce ƙoshi ne ya yi wa Nasara yawa. Ni kam dariyar ba ta zuwa mini, domin na san muna da namu mai jan cikin a cikin gidajenmu, wanda muka tsare shi, amma ba mu taɓa zama mun tambayi me yake ci ba. Ina nufin kunkuru.

Babban kunkurun nan na Sahel, wanda ake samu tun daga Senegal har Habasha, shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya. Na tsibiran Galafagos da na Aldabra kaɗai suka fi shi. Namiji yakan wuce kilo 50. A daji yakan haƙa rami mai zurfi ya fake daga zafin bazara, ya fito da sanyin safiya ko na yamma ya yi kiwon ciyawa kamar tunkiya. Cikinsa an halicce shi ne domin abinci mai kaushi maras maiƙo. To amma me muke ba shi? Ragowar tuwo, jiƙaƙƙen ƙanzo, shinkafar da ta kwana da manja da gishiri. Yakan ci, domin yunwa ba ta zaɓe, sai mu ce ai yana so. Alhali kuwa abincin wani gubar wani ne. Irin wannan cima tana wahalar da ƙodarsa da hantarsa, kuma tana daga cikin abubuwan da ke sa ƙoƙon bayan ƙarami ya tashi da tudu-tudu maimakon ya yi sumul. Mafi muni shi ne al'adar huda gefen ƙoƙon a zura igiya a ɗaure shi. Ƙoƙon nan ba tasa ba ce da aka kifa masa. Ƙashinsa ne, haɗe da haƙarƙari da gadon baya, akwai jini da jijiya a cikinsa.

A gidan da na tashi a Nangere akwai kunkuru wanda ya girme ni, kuma kakata ce mai kula da shi. Ba ta taɓa jin sunan kalsiyam ba, ba ta kuma da firji, amma tsarinta bai bambanta da na waɗancan mutane ba sai a kayan aiki. Da damina ba ta da wani aiki, domin yakan yi kiwonsa a bayan gida cikin ciyawa da ganyen wake da na kabewa. Da kaka, lokacin da ake ɗaure harawa saboda awaki, takan ware masa nasa dami a kan rumfa. Da rani ne hikimarta ke bayyana. Idan ta zauna gyaran ganyen miya, kafin ta ɗora tukunya, takan ware tafi biyu na zogale da rama, ta haɗa da ɓawon kabewa da guntayen kuɓewa, ta yayyanka a kan faifai, ta cakuɗa da murtsukakkiyar harawa da ta yayyafa wa ruwa, ta juye a wani tsohon kasko. Na gobe kuma ta naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle ta ajiye a gindin randa. Duka aikin bai kai tsawon lokacin da ruwan tuwo ke ɗauka kafin ya tafasa ba. Mu yara mukan kira shi kwaɗon da ba shi da ƙuli, domin ba ta yarda a sa masa ƙuli-ƙuli, ko gishiri, ko albasa. Idan na yi mata ƙorafin cewa ta sallami kunkuru kafin ta sallame ni, sai ta ce, "Maigidan, kai ai kana da bakin kuka. Wanda ba ya iya cewa yunwa nake ji, shi ake fara ba."

Ilimin zamani ya gaskata yawancin abin da ta yi. Zogale yana da yalwar kalsiyam. Rama da yakuwa dangin wani fure ne da masu kiwon kunkuru a ko'ina suke yabawa, sai dai tsamin yakuwa ya sa a riƙa taƙaita ta. Alayyafo ma haka, domin yana ɗauke da sinadarin okzalet, wanda ke ɗaure kalsiyam ya hana jiki amfana da shi. Latas kusan duk ruwa ne, yana cika ciki ba ya gina jiki. Abu guda da zamaninmu ya ƙara, wanda nata bai sani ba sosai, shi ne maganin feshi: ganyen da ya fito daga lambu dole a wanke shi da kyau. Wanda kuma yake son garin kalsiyam ba sai ya je kanti ba. Ɓawon ƙwai da aka dafa, aka shanya, aka daka ya yi laushi, ya wadatar.

Mai karatu yana iya cewa, a ƙasar da mutane ke fama da abin sawa a bakin salati, ina amfanin zancen cimar kunkuru? Amsa ta farko ita ce, babu wanda ya tilasta mana tsare shi. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba, bai keɓe mawadaci daga matalauci ba. Ta biyu, wannan amana doguwa ce. Lokacin da Alagba, kunkurun fadar Soun na Ogbomoso, ya mutu a 2019, an ce shekararsa 344. Masana sun yi shakkar wannan lissafi, amma babu mai musun cewa irinsa yakan wuce shekara 50, wato wanda ya sayo shi yana iya barin wa 'ya'yansa shi cikin gado. Ta uku, dajin da za a mayar da shi yana ƙarewa. Gonaki sun cinye makiyaya, gobarar daji tana cin saura, ciyawar da ta rage kuma yana takara a kanta da garkunan da ke cika kasuwar shanu ta Potiskum. Tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES ta hana cinikin wanda aka kamo daga daji zuwa ƙetare, kuma a 2021 ƙungiyar IUCN ta sanya shi cikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

Saboda haka, wanda ba shi da kunkuru kada ya sayi na ɗan farauta, domin kowane ciniki yana aika wani yaro daji da fartanya. Wanda kuwa ya riga ya gaje shi, to ya kwance masa igiya, ya ba shi fili mai rana da inuwa, da ruwa a faffaɗan kasko maras zurfi, ya kuma ware masa rabonsa tun ganye yana kan faifai, kafin gishiri ya taɓa shi. Ba zai gode ba, ba zai ma ɗaga kai ba. Amma ranar da za a ba marasa baki damar magana, gara a same shi cikin masu shaidar alheri.