Gurbin Suna

Shekara tara na yi ina kaɗa fiyano kafin in fara zama gaban harfsikod, a wani ɗaki mai sanyi a birnin Leipzig na ƙasar Jamus. Saura mako shida a yi jarrabawar da za ta yanke ko tallafin karatuna zai ɗore, ko in tattara komatsaina in koma gida. Abin da aka ɗora mini shi ne Aria, mabuɗin Goldberg Variations na Johann Sebastian Bach, wanda aka wallafa a 1741. Gaɓa 32 ce kacal, kuma na haddace ta tun da daɗewa.

Da na kai ƙarshe, malamata ta jinjina kai ta ce, "Ba ki yi kuskure ko ɗaya ba. Amma me kika faɗa mini?"

A fiyano, 'yar guduma ce ke dukan tsirkiya, don haka ƙarfin yatsa shi ke ɗaga murya ko sassauta ta. Harfsikod kuwa ɗan tsinke ne ke fizgar tsirkiyar. Ko ka danna da fushi ko da lallashi, amon kusan ɗaya ne. Duk dabarar da na dogara da ita wajen taɓa zuciya ta tashi a banza. Bach ma bai rubuta a takardar inda za a tsananta ko a tausasa ba.

Na koma ga faifan Glenn Gould na 1955 da na 1981, duka a fiyano. A na farko Aria tana tafiya da kuzari, a na biyu kamar dattijo mai auna taku. Na kwaikwayi wannan, na kwaikwayi wancan, malamata ta ce rigar aro ce.

Wani dare Inna ta kira ni. Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta taɓa ambaton sunana ba. Idan magana ta kawo ta wurin, sai ta ɗan dakata, sannan ta ce "ke". Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, amma a wannan ɗan gurbin nake jin duk abin da alkunya ta hana ta furtawa.

Washegari na dubi Aria da wani ido. Tafiyarta ta sarabandi ce, bugu uku, nauyi yakan sauka a na biyu. Sai na riƙa ɗage yatsa kafin wannan bugun, in bar shiru kamar na ɗaukar numfashi. Na bar hannun dama ya ɗan makara bayan na hagu. Adon da nake zubawa a guje na fara shi a hankali. Amon bai ƙaru ba, amma sautin da aka sa kunne ya jira, da nauyi yake isowa.

Tallafin ya ɗore. Da na kira gida in yi albishir, Inna ta ɗauka, ta yi jim, sannan ta ce, "Ke ce?"