Gishiri Ɗaya, Aiki Uku

Ingilishi ta hannun Faransanci yake iso wa ɗan Agadas. A siziyam ake fara shi, ajin farko na kolej, lokacin yaro ya riga ya yi shekara shida yana haddace nahawun Faransanci a lakkwal. Sai ya shigo da zaton cewa kowace kalma tana ɗauke da shaidarta a goshi. A Faransanci kuwa kusan haka ne: gishiri "sel", zuba gishiri "saler", abu mai gishiri "salé". Ka ga ƙarshen kalma, ka san gidansu.

To, Ingilishi ba ya yi maka wannan alfarma. Ɗauki ayarin da ke ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma ɗauko gishiri. "They carry salt": suna ne. "They salt the meat": aikatau ne. "The salt caravan": nan kuma ya zauna gaban wani suna yana fayyace shi, kamar sifa. Kalma ɗaya, ko harafi bai motsa ba. Haka "water", ruwan ne kuma shayarwar ce. Tsohon Ingilishi yana da ɗafe-ɗafen da ke nuna aikatau, "drincan" ake cewa kafin ta zama "drink", amma sun zube cikin ɗaruruwan shekaru, aka bar wa mazaunin kalma a jimla nauyin faɗar ko ita wace ce.

Shi ya sa nake jin haushin ma'anar nan da muka kwafa a kaye: suna shi ne sunan mutum ko wuri ko abu, aikatau kalmar aiki ce. Wallahi ba ta fitar da kowa. "Work" fa? Aiki ne, amma a "my work" suna ce. Mu da Hausa ta raina bai kamata wannan ya ba mu tsoro ba, don "tafiya" da "barci" da "magana" duk sunaye ne, ko da yake motsi ne ko yi. Muna cewa yana barci, mun yi magana. Gwajin da ke aiki shi ne na makwabtaka: kalmar da ta karɓi "the" ko "my" ta tsaya, suna ce, wadda ta biyo "will" ko "can", aikatau.

Sai ɗan "s" ɗin nan mai rikita ƴan aji. "The camels walk", "the camel walks". A jikin suna yana nufin da yawa, a jikin aikatau yana nufin ɗaya. Yaron da aka ce masa "s" alamar jam'i ce kawai, ba laifinsa ba ne in ya rubuta "they walks". Hankali ma ya yi amfani da shi.

Abin da na fi so a gwada shi ne a bi ta Hausa kai tsaye. Namu aikatau ya fi nasu sauya kama nesa ba kusa ba. Parsons a 1960 ya kasa shi aji bakwai: sayi, sayo, saye, sayar, sayu, duk tushe ɗaya, inda Ingilishi sai ya nemo "buy" da "sell" daban. Lokaci kuma a ɗan wakilin da ke gaba muke sa shi, ya tafi, zai tafi, yakan tafi, aikatau na zaune abinsa. "Will go" da "zai tafi" ai sun fi kusa da juna fiye da "will go" da "ira". Me ya kai mu zagayawa ta Faransa?

Ba zancen cin jarrabawar BEPC kaɗai ba ne. Kundin da hukuma ta fitar a 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. A tashar mota da kasuwar Agadas kuma an daɗe ana jin Ingilishin ƴan Nijeriya da Gana da Gambiya masu neman hanyar Libiya, kuma masu shago na ciniki da su ba tare da sun taɓa jin kalmar aikatau ba. Sun dai lura da inda kalma ke zama. Ƙannenmu da ke kolej suna da Hausa, da yawansu da Tamajak a kai, amma a ajin Ingilishi ba a tambayarsu ko ɗaya.