Idan tiredi ya cinye: daga Jibiya zuwa Bielefeld

Duk bakaniken da ke duba motocin Gangara da Magama, masu jigila tsakanin Jibiya da Maraɗi ta Ɗan Isa, ya san wannan faɗuwar gaban: yana ɗaure filogi ko notin zubar da baƙin mai, sai ya ji sifana ta yi laushi a hannunsa, tana ta juyawa ba ta kama komai. Tiredin ramin ya cinye. Kan injin Golf ko Sharon alminiyam ne, noti kuwa ƙarfe, don haka idan aka matsa fiye da kima ramin ne ke yin asara.

A gida, abin da ke fara zuwa a zuciya shi ne noti mai kauri. A faɗaɗa ramin, a yanka sabon tiredi, a zura wanda ya fi na da girma. A bakin hanya ma wani zai cusa silin wayar lantarki ya ɗaure, mota ta kai Katsina. Ba na raina wannan, domin direban da ya kwashi fasinja ba zai so magariba ta riske shi a dajin iyaka ba. Amma kowane faɗaɗawa cin naman injin ne, kuma a karo na biyu sau da yawa babu sauran abin yankawa.

A nan Jamus ana kallon ramin a matsayin abin da dole ya koma girmansa na asali. A garin Bielefeld kamfanin Böllhoff ke ƙera Helicoil, wata murɗaɗɗiyar waya ta ƙarfe marar tsatsa da aka fara amfani da ita a injinan jiragen sama a Amurka. Ana huda ramin daidai awo, a yanka tiredi da mayankin da ya zo tare da ita, a murɗa wayar ciki, sai ainihin notin motar ya koma mazauninsa, riƙonsa ma ya kan fi na farko. Inda ake yawan kwancewa da ɗaurewa, kamar ramin filogi, wasu sun fi son bushi na ƙarfe irin Time-Sert. Wani garejin kuma ba ya ko gyarawa, sai ya canja kayan gaba ɗaya, saboda kuɗin aikin awa ɗaya yakan haura Yuro 100, kuma shi ke da alhaki idan gyaran ya saki.

Abin da ke ci mini rai shi ne fasahar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Masu injin tana a Katsina da Kano suna sassaƙa bushi su dasa a rami, aiki mai tsafta, sai dai ba a kai musu inji sai an gama lalata shi.

Babban bambancin yana tun kafin ramin ya lalace. Yaron gareji a nan Jamus ba ya ɗaure filogi sai da sifana mai awo, wadda ke yin ƙas idan ta kai ƙarfin da kamfani ya rubuta, wajen Nm 25 zuwa 30 ga filogi mai milimita 14. Namu yaron kuwa bututu yake zura wa sifana ya danna da ƙafa, ogansa na cewa ƙara, ƙara. Shi ma ogan haka aka koya masa. Sifanar awo da akwatin Helicoil kuwa, gareji huɗu ko biyar a Magama za su iya haɗa hannu su saya su riƙa karɓa-karɓa.