Gatarin Kurege a Hanyar Matsirga

Idan Allah Ya kai ku Kafanchan a tsakiyar damina, ku rage gudu a hanyar Madakiya, inda ruwan Matsirga ke kwararowa daga kan dutse. Cikin ciyayin gefen hanya za ku iya hango wani fure ja mai ratsin ɗorawa, ya lanƙwashe baya kamar harshen wuta. Gatarin kurege ke nan, wasu su ce baurera. Don kyansa ƙasar Zimbabuwe ta ɗauke shi furen ƙasa.

A gidan gwaggona da ke cikin gari na tarar da shi ya haye shinge. Renonsa ba wuya. Da saukar ruwan farko, wajen Afirilu, sai a kwantar da saiwar a ƙasa mai tsane ruwa, zurfin yatsa guda, a kula kada tsinin ya karye, don daga nan yake tsirowa. A kafa masa kara ko waya. Bakin ganyensa ne ke naɗewa ya kama. Da rani zai bushe ƙurmus. Kada ku ba shi ruwa, saiwar za ta ruɓe.

To amma abin da idona ya faɗa a kai a tsakar gidan shi ne ya tsayar da ni: gwaggo ta haƙo wasu saiwoyi za ta raba wa maƙwabta, ta ajiye su kusa da tiren citta, jikokinta na wasa a wajen. Kudancin Kaduna kuwa ƙasar citta ce, yaro ya saba ganin saiwa a matsayin abin ci.

Saiwar nan tana ɗauke da kolcisin, sinadarin da muke bayarwa a kemis don ciwon gaɓoɓi na gawut, a ƙwaya ƙarama, bisa takardar likita. A cikin saiwa babu awo. Sa'o'i kaɗan bayan an ci, sai zafin baki, amai da zawo. Mutum na iya ganin kamar ya samu sauƙi, alhali ƙoda, hanta da ɓargo suna lalacewa. Ku wuce asibiti nan take, ku tafi da ragowar saiwar. Manja ko madara ba sa karya wannan guba. Mai juna biyu kuma, ko an ce yana saukaka naƙuda, kada ta kusance shi.

Furen dai mun bar wa gwaggo abinta. Saiwoyin ne muka zuba a gwangwani mai murfi, na rubuta "guba" a jiki, muka ɗora saman kabad.