Daga Fagge Zuwa Gaɓar Tiga: Abin Da Na Gani A Ƙarshen Sawu

Mutumin da aka haifa a Fagge, ya tashi tsakanin hayaniyar Kantin Kwari da ƙugin janaretocin Sabon Gari, da wuya ya san mene ne shiru. Ni kaina sai da na haura shekara arba'in kafin na ji shi da kunnena, a wani lungun ruwa da ke kudancin tafkin Tiga, inda mota ba ta zuwa, sai dai ƙafa.

Bayan sallar asuba muka kama hanyar Zariya ni da wani abokin aikina. A Kwanar Ɗangora muka karkata zuwa Tudun Wada, muka ajiye mota a wani ƙauye, wani dattijo masunci ya shige mana gaba. Kaka ce, ciyawa ta fara bushewa. Mun yi kusan awa biyu muna ratsa gonakin dawa, sannan duwatsu, sannan inuwar kanya da marke. Numfashina ya riƙa tona mini asiri, dattijon kuwa ko haki ba ya yi. Ya waiwayo yana murmushi ya ce, "Malam, alli bai kai fatanya nauyi ba ko?"

Da muka gangara bayan wani dutse sai ga ruwa ya shigo tsakanin duwatsu biyu ya kwanta, kamar an zuba shi a ƙwarya. Babu leda, babu kwalba, babu ƙarar inji. Zalɓe na tsaye a gefe, garken kirinjijiya ya tashi ya sake sauka, kwalekwale ɗaya na ɗaure a jikin kututture. Muka yi alwala, muka yi azahar a kan fa, muka ci ƙosan da muka taho da shi.

Wannan ruwa ba baƙonmu ba ne. Gwamnatin Audu Baƙo ce ta gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, ta tare Kogin Kano. Daga nan ake shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura, inda shinkafa da tumatirin da muke saye a kasuwar Sabon Gari suke fitowa. Daga kogin nan ne kuma matatar Tamburawa ke ɗibar ruwan da ake turo wa birni. Kafin kogin ya iso Tiga kuwa, sai ya ratso dajin Falgore, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa, kuma yana cikin dazuzzuka 10 da Gwamnatin Tarayya ta amince a 2020 a mayar da su gandun daji na ƙasa. Itatuwan dajin su ne ke riƙe ƙasa idan damina ta sauka. Idan aka sare su, ruwan sama zai kwashi yashi da laka ya zuba a tafkin, cikinsa ya riƙa cikewa a hankali, ruwan da yake iya ajiyewa ya ragu.

A hanyar dawowa ne na ga abin da ya hana ni barci. Dattijon ya bi da mu ta wata hanya dabam, sai ga kututturan ƙirya jere, ga ramuka baƙi ƙirin inda aka toya gawayi. Na fara faɗa irin na malamin jami'a, ina zargin jahilci da kwaɗayi. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Malam, mu nan da kara muke girki. Buhunan nan birni ake kai su." Bakina ya mutu, domin na tuna buhun gawayin da ke jingine a madafin gidana tun da kuɗin gas ya tashi.

Mu mutanen Fagge da Sabon Gari mun san yadda ruwa ke mutuwa. Jakara, wadda tarihin Kano ke ambata tun zamanin Barbushe, ta koma magudanar ƙazanta a kan idonmu. Kududdufan da muka yi wasa a gefensu an cike da yawansu da shara an yi gini, shi ya sa kowace damina ambaliya ke shigo mana har ɗaki. Babu wanda ya zauna ya yanke hukuncin kashe su. Kowa ya ɗan gutsiri nasa ne, har aka wayi gari babu.

Ba na cewa talaka ya daina girki. Ina cewa ne kare Falgore ba aikin masu gadin daji kaɗai ba ne. Yana buƙatar gas mai araha a birni, da murhu mai tattalin makamashi, da dashen itatuwa da za a bi da ban ruwa, ba na ranar biki ba. Ɗalibanmu kuma ya kamata a riƙa kai su su ga inda ruwan famfonsu ya fito, bisa rakiyar mutanen yankin da izinin hukuma, tun da dajin ya sha fama da ɓarayin shanu.

Da gangan ban faɗi sunan ƙauyen ba. Nisan tafiya ne ya tsare wannan lungu har yau, ina kuma fatan ɗana zai same shi yadda na bar shi. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.